Ranar da Na Yi Ciniki da Mai Nemana

Ƴan uwa masu bin wannan labari, sannunku da haƙuri. Akwai waɗanda suka rubuto suna cewa na cika ja wa Jacques rai, wai yaro mai aikin biro, wato ofis, mai natsuwa, ɗan majami'armu, me kuma nake nema? Ban ga laifinku ba. Amma ni malamar makaranta ce, na saba in koyar da darasi tun daga farko kafin in yi tambaya. Don haka bari in fara da gidanmu.

Mu uku ne a gidan a lokacin: Baba Andarawus, Mama Hanatu, sai ni Liya, auta. Yayata Marie tana aure a Damagaram. Baba mutumin Maradi ne, ya zo Arlit yana saurayi ya yi aikin lantarki, har kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallame su. Da abin da aka ba shi ya gina zauren taro a jikin gidanmu, ya sayi kujeru da kayan sauti. Tun daga nan duk garin, har Akokan, Andarawus mai sono ake ce masa, wato mai kayan sauti.

Kaya muna da su. Akwai makirufo, akwai majigi, akwai gurup, wato injin ba da wuta, akwai ƙananan lasifikoki na cikin zaure. Sannan akwai manya guda biyu, baƙaƙe, tsayinsu ya kai ƙirjina, waɗanda Baba yake kira tagwaye. Mama ta ware musu tsofaffin zannuwanta tana rufe su. Su ake haya a biki, su ne suka biya mini makaranta. Abin da muka rasa shi ne taro. A shekarar tawaye ya sake tashi, an binne nakiyoyi a hanya, mota ba ta zuwa Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja. Fari ya cinye dabbobin mutanen daji, wanda bai sayar da raƙumi ba kuwa ba ya kiran sono a bikin ɗiyarsa. Zauren ya zama wurin shanya kuɓewar Mama. Baba ya fara wata magana da ban so: in abin ya ci gaba haka, Maradi za mu koma.

Shi Jacques yana aiki a wani kamfanin manyan motoci da ke yi wa ma'adinai jigila. Shi ke shirya musu masauki da abinci da wurin taro. A farkon shekarar ya aiko dattawan majami'a da goro da gaisuwa, Baba ya karɓa, aka ce a jira kawunnansa su zo daga Damagaram in hanya ta yi kyau. Daga ranar Baba bai sake kiran sunansa ba, sai dai ya ce “yaron nan”. In sun haɗu a ƙofar majami'a, Jacques ya durƙusa, Baba ya kalli gefe ya amsa wa bango. Kun san surukuta, ba sai na yi muku bayani ba.

Wata ranar Litinin ina gyaran littattafan yara, ƴar wayata mai tocila ta yi ƙara. Saƙon Jacques ne.

“Malama ya aiki? Albishir. Manyanmu za su zo daga Yamai taron kwana biyu. Zauren kamfaninmu direbobi ke kwana ciki. Na ba da sunan Baba.”

Na karanta wa Mama. Ta ajiye muciya ta ɗaga hannu sama.

“Kin gani ko? Tun bai shigo gidan ba ya fara ɗaukar mana kaya. Ke kuma kullum, bari in yi tunani, bari in yi tunani. Tunanin mi?”

Washegari da la'asar ya zo, cikin farar riga mai guga da baƙin wando, takardar kwantiragi cikin koren bango. Ya cire takalmi tun daga soro. Baba yana kan tabarma, shi ya tsuguna can bakin ƙofa, nesa kamar mai gudun kamuwa da mura. Ni ina bayan labule da butar shayi, ina jin komai.

Sun gaisa. Sun gaisa kuma. An tambayi zafi, an tambayi mutanen Damagaram, an tambayi tarin limamin majami'a. Sai Jacques ya tura takardar a ƙasa da yatsu biyu har ta taɓa bakin tabarma.

“Baba, ga abin da suka rubuta.”

“To, madalla.”

“Ko Baba zai duba?”

“A'a, ai babu komai. Duk yadda kuka ce.”

Jacques yana kallon babban yatsan ƙafarsa, Baba yana kallon kazar Mama. Wannan Baba fa, wanda na taɓa gani ya yi rabin yini yana ja da wani ɗan kasuwa a kan kuɗin kujera ɗaya. Amma ta yaya mutum zai ce wa mai neman ɗiyarsa “ƙara mini”? Ko alƙalami bai iya ɗauka a gabansa ba. Ya ce a bar takardar, zai sa hannu a aika.

Bayan Jacques ya tafi na ɗauka na karanta a hankali, yadda nake karanta jarrabawa. Faransanci ne mai sauƙi, kuma babu abin da aka ɓoye. Babu kuɗin kafin alƙalami, sai an gama taro a biya. Za mu tsare musu zauren mako guda cur, don ba a san ranar da ayari zai iso ba. In ayari bai iso ba, an fasa, ba su ba mu komai. Gazwal, wato man da gurup ke sha, a kanmu. In sauti ya yanke a tsakiyar taro, ko da wutar gari ce ta ɗauke, za a zabge rabin kuɗin.

“Baba, wannan ai ba a sa mata hannu haka.”

“Na ce duk yadda suka ce.”

“Ƙwan majiginmu ya mutu tun bara. Gazwal kuma ka san yadda ya yi tsada. Da me za mu saya?”

Bai kalle ni ba. Ya ce, “Jibrin mai kanti ya daɗe yana son tagwaye. Taron cikin zaure ne, ƙanana sun isa.”

Ku lura da kyau, don nan ne gaɓar maganar. In Baba ya sayar da tagwaye ya sayi gazwal da ƙwan majigi, sannan ayari bai zo ba, to ba kuɗin taro, ba kayan biki. Ko an yi sulhu gobe, bukukuwa suka dawo, Andarawus mai sono ba shi da sono.

Na samu Mama a madafa na faɗa mata zan je biron Jacques da kaina ranar Laraba, tunda ba mu da aji da yamma.

“Ki je ki yi mi?”

“Ciniki.”

“Ciniki! Da wanda zai aure ki? Liya, kina so a ce ɗiyar Hanatu ta je ta yi wa mai nemanta cinikin tumatir? Namiji fa ba ya son mace mai ido a tsakar ka. Yaron nan ya ga gidaje nawa kafin ya zo namu?”

“Mama, ba aurena zan yi wa ciniki ba. Zaure ne da makirufo.”

“Duk ɗaya ne a wurin mutane.”

“To in aka sayar da tagwaye, da me za a yi kiɗa ranar bikin nawa?”

Ta so ta yi dariya, ta danne. Ta daɗe tana juya miya. Daga baya ta ce, “Ki sa atamfar nan mai ruwan zuma, ba wannan kodaɗɗiyar ta makaranta ba. Kuma ki wanke allin da ke hannunki.”

“Na ji. Ke kuma ki riƙe mini Baba. Kada Jibrin ya taɓa komai sai na dawo.”

“To,” in ji ta.

Ranar Laraba na sa atamfar, na ɗaura kallabi ƙarami, na yafa farin mayafi, na sa ƴan kunnen da Marie ta aiko mini. Ina hanya saƙo ya shigo: “Malama yau na tashi da tunaninki. Baba ya sa hannu?” Ban amsa ba, tunda ga ni nan tafe.

Harabar kamfanin cike take da manyan motoci a jere, an ɗaura igiyar shanya daga wannan madubi zuwa wancan. Direbobi suna ƙarƙashin inuwar tirela suna dafa shayi. Wani dattijo mai rawani, Akoli, wanda jikarsa take ajina, ya gane ni.

“Malama, kin zo lafiya? Yarinya yana karatu?”

“Tana yi sosai, Baba Akoli. Ya labarin hanya?”

Ya girgiza kai. “Hanya? Wani ya ce gobe, wani ya ce wata mai zuwa. Mu dai muna shan shayi.”

Wannan amsar na riƙe na shiga da ita.

Jacques ya miƙe da sauri har kujerarsa ta bugi bango. Fanka tana juyawa a sama, takardu an danne su da duwatsu.

“Malama! Lafiya? Ko na yi laifi ne aka zo da bulala?”

“Mushe Jacques, yau ba Liya ce ta zo ba. Wakiliyar Andarawus mai sono ce.”

“To, bari in gyara zama.” Ya gyara wuyan riga yana murmushi. “Wakiliya za ta sha lemo?”

“In an gama.”

Na buɗe koren bangon a kan teburinsa, na ɗora yatsa a layin farko.

“Kuna so mu tsare muku zaure mako guda, mu kori duk wanda ya zo. Na yarda. Amma Baba Akoli da ke waje bai san ranar da ayari zai taso ba, kai ma ba ka sani ba. Wanda ya tsare wuri yana ba da kafin alƙalami. Rabi, kuma in an fasa ba ya dawowa.”

“Rabi! Malama, kamfanin da ke shirin rage ma'aikata?”

“Don su rage ma'aikata suke son makirufo, ai ba kyauta za su yi ba.”

Ya yi dariya, amma gajeriya. “Kashi ɗaya cikin uku.”

“Albarka.”

“Kai! A makaranta ake koya wannan?”

“A kasuwar Maradi. Rabi. Ni kuma zan ƙara muku makirufo ɗaya marar waya, don masu tambaya daga baya, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mutumin da za a sallama daga aiki ya kamata a ji muryarsa.”

Ya kalle ni, ya kalli takardar. “To. Rabi. Wannan ina da ikon bayarwa.”

Na ɗan yi mamakin saurin, amma na ci gaba. “Gazwal. Na ga tankinku a waje, ya fi ɗakinmu girma. Mu mu je mu saya da kwalba a bakin titi?”

“Za mu kawo jarka biyu.”

“Maganar yankewar sauti kuma. In kayanmu ne suka lalace, ku zabge, hakkinku ne. In wutar gari ce, ku ba mu lokacin da za a tayar da gurup. Ba mu muke riƙe da wutar Arlit ba.”

“Minti biyar.”

“Gurup ɗin Baba ya girme ka. Goma.”

“Goma,” ya ce, yana rubutawa a gefe.

A majigi ne kawai ya ja da gaske. Na nemi su sayi ƙwan, ya ce a'a, kayanmu ne, mu za mu ci moriyarsa bayan taro, kuma shugabarsa ba za ta sa hannu a kan wannan ba. Na ga gaskiyarsa, na sakar masa. Na nemi a bar mana zauren ranar Lahadi, ya yarda. Ya ɗauki takardar ya shiga wajen shugabar tasa, ni kuma na zauna ina kallon fanka, ina jin daɗi, ina cewa a raina, ashe yaron yana da sauƙin kai.

Bai daɗe ba ya fito da sa hannu da tambari. Ya buɗe mini lemon da kansa.

“Ko gardama ba ta yi ba?” na tambaya.

“Gardamar me? Ai haka ake yi da kowa. Takardar farko don a ja ake rubuta ta. Mai abinci ya ja, mai masauki ya ja. Gazwal ma duk wanda ya tambaya muna ba shi.”

Na ajiye kwalbar.

“Kowa?”

“Kowa.”

“To me ya sa ba ka faɗa wa Baba ba?”

Murmushin ya tafi. Ya koma ya zauna. “Liya, a gaban Baba? In buɗe baki in ce, Baba ka yi arha, ka ƙara? Na zata zai duba ya ja. Da ya ce duk yadda kuka ce, gumi ne ya karyo mini.”

“Na yarda. Ni fa? Kullum kana aiko mini da saƙo. Ka tambayi abin da na ci, ka tambayi launin zanena. Layi ɗaya: ki ce wa Baba ya ja. Kuɗin saƙon ɗaya ne.”

Ya sauke murya, ya kalli ƙofar shugabarsa. “Ba ki san yadda ake ciki a nan ba. Duk biron sun san ina neman ki. Da ƙyar aka yarda da sunan Baba. Ana biya na ne don in rage wa kamfani kashewa. In aka ji na koya wa surukaina yadda za su ja, a wannan taron da za a yi a zaurenku za a kira sunana. In ba aiki, da me zan zo gidanku?”

Ba ƙarya yake ba. Na ga tsoron a fuskarsa, irin wanda nake gani a fuskar yaro in an kira shi allo.

“Na yi ta addu'a ki karanta ki zo,” ya ce.

“Da ban zo ba fa?”

Na jira, don na iya jira, aikina ne.

“Da na kai ta yadda take,” ya ce a hankali.

Na yi masa godiya kamar yadda wakiliya take yi. Na ɗauki takardar, na ce Baba zai sa hannu, gobe a aiko da kuɗin. Lemon na bari a teburin.

Duk da haka da sauri na koma, har mayafina yana zamewa. Ko ba komai, na ceci tagwaye. Ina ta shirya yadda zan faɗa wa Baba ba tare da ya ji kunya ba.

Ina karyo kwanar gidanmu na ga amalanken jaki a ƙofar zaure. An riga an ɗora tagwaye, an kwantar da su a kan buhuna, Jibrin yana ɗaure igiya. Zannuwan Mama suna ninke a kan kujera. Baba yana tsaye da hannu a baya.

“Baba, tsaya! Sun ba da rabi kafin alƙalami. Gazwal ma su za su kawo. Ba sai an sayar ba.”

Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da ido, ya karanta duk gyaran da aka yi. Ya daɗe a kai.

“Wa ya je?”

“Ni.”

Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Kin yi ciniki mai kyau, ɗiyata.” Sannan ya juya wajen amalanken. “Jibrin, ja ka tafi.”

“Baba!”

“Na riga na ce na sallama. Tun azahar. Mun tafa.”

Jibrin ya tsaya da igiya a hannu, yana kallona yana kallon Baba. “Malam Andarawus, in da matsala…”

“Babu matsala. Ban taɓa cewa na sallama na dawo na ce wasa nake ba. Ba yau zan fara ba.”

Jakin ya ja. Baba ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya shiga zaure ya fara jera kujeru, shi kaɗai, ko da yake ba wanda ya san ranar taron.

Na samu Mama a madafa. Ba ta ɗago ba.

“Mama, kin ce to.”

“Na ce masa ya dakata. Ya ce don mi? Jibrin yana sauri, ya ji ƙishin-ƙishin motoci za su sauka Agadas, yana so ya aika da su can.” Ta share ido da bakin zane. “In ce masa mi, Liya? In ce ɗiyarka ta tafi ja da yaron nan? Bakina bai iya ba.”

Na zauna a kan turmi. Can ta ce, cikin ƙaramar murya, matar limamin majami'a ta leƙo ɗazu: kawunnan Jacques sun iso Agadas, da ayarin manyan kamfanin za su shigo, kuma Baba zai so ya san amsata kafin su sauka.

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro.

“Malama kin isa lafiya? Yau kin burge ni. Komai ya yi daidai ko?”

Na riƙe wayar ina kallon saƙon, daga zaure kuma ina jin ƙarar kujerun da Baba yake ja. Ban rubuta komai ba. Amma a kan turmin nan na fahimci abu ɗaya sarai: Jacques ba zai taɓa cutar da ni da hannunsa ba, amma ranar da ake cutar da ni a gabansa, zai iya yin shiru yana addu'a wani ya zo.